Gyaran Muryar Kawu Namadi

Ƙauran Namoda,
Satumba, 2021.

Zuwa ga taubashiyata Rashida, 'yar bautar ƙasa a Inugu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin asibitin da suka ba ki. Mu nan lafiya lau, sai kewar waya. Kin dai ji an kashe mana layi duk jihar. Wayata yanzu tocila ce mai tsada. Masu hali suna hawa mota har Funtuwa don su ce "ya gida" su juyo. Ni kuwa na tuna na yi aji uku a sakandare, ga Jabir direba yana kai wake can wajenku, shi ya sa kika ga takarda. In rubutun ya karkace, laifin benci ne.

Kasuwannin mako ma an rufe, har ta Shinkafi. Dillalin hatsi in ba kasuwa, bakinsa ke fara tsami, don haka na je Dauran gaida iyayenki. An yanke gero, dawa ta yi kai. Inna Azumi tana gaishe ki. Ƙanenki Misbahu yana gona, amaryarsa Nadiya ta iya tuwo, na shaida da kwano biyu.

Kawu Namadi yana nan da tarinsa. Kin san shi. Tun muna yara, in ya iso zaure zai yi shi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, sai mata su jawo mayafi, mu kuma mu saki abin da muke ɓarna. Sallamarsa a ciki take, ba mai jin ta, tarin ne ke isa tsakar gida. To wannan zuwan na ga abin ya ƙaru. Da ɗaya ne, yanzu jero su yake kamar mai lodin buhuna. Na ce ƙaiƙayin gero ne.

Da na dawo Ƙaura na shiga kemis na ce a ba ni na tari. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kof? Bilya, har da kai?" Kin san a nan in an ce kof, ba ciwon ake nufi ba, kwalbar ake nufi, wadda samari ke shanyewa su yi barci a tsaye. Na ce na dattijo ne. Ya ce wane iri? Ashe har iri gare shi, kamar wake. Na ce ya ba ni mai kyan kwali, na aika Dauran.

Ke da kike cin Turanci da cokali, warware mini. A jikin kwalbar an rubuta cough. Harafi biyar a takarda, baki ya faɗi uku, sauran biyun ko wa ya cinye su? Irin awon wasu 'yan kasuwa da na sani. Mene ne ainihin ma'anarta, kuma iri nawa ne? Ina so in na koma kemis ɗin nan in zazzage masa, ya san ba ƙauye na kwana ba.

Ki ba Jabir amsa, ba ya daɗewa.

Naki,
Bilyaminu Maccido.

*

Inugu,
Satumba, 2021.

Taubashina Bilyaminu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, tana warin wake. Na gode Allah da kowa yana lafiya. Tun da aka kashe layin nan ban ji muryar Inna ba, sai da na karanta sunanta sau da yawa.

Ka tambayi kalma, to ga ta, don kuwa ba abin da nake ji daga safe zuwa yamma kamarta. Aikina rubuta sunayen marasa lafiya ne, amma in 'yan uwanmu masu sayar da albasa sun zo, ni ke yi musu tafinta. Cough tari ne, ba kwalba ba. Ita ce sunan ciwon, ita ce kuma aikata shi. Sai dai likita ba ya karɓar ta ita kaɗai. Da ka faɗe ta zai biyo ka da tambaya: busasshe ne ko mai kaki? In da kaki, wane launi, da jini ko babu? Tun yaushe? Wannan tun yaushe ɗin shi ne uwar tambaya. In ya wuce mako biyu, ba ruwansu da kwalba, gwaji suke turawa.

Gyaran murya kuwa ba sa sa shi cikin wannan kalma, maganarsa daban ce, cewa suke mutum ya share maƙogwaro. Na gaya wa likitar da nake aiki a ƙarƙashinta cewa mahaifina yana tari tun kafin a haife ni. Ta ajiye biro ta dube ni. Da na yi mata bayanin zaure da mayafi ta yi dariya ta ce wancan ƙwanƙwasa ƙofa ne, ita wanda ake jerowa take tambaya.

Bilya, dariyar ba ta kama ni ba. Baba bai taɓa yin biyu ba. Kai ma ka sani, in ya yi ɗaya ya gama magana.

Ka koma Dauran. Kada ka tambaye shi, zai ce lafiyarsa lau. Ka tambayi Inna, ita ke wanke masa riguna. Yana gumi in ya kwanta? Zazzaɓi na zuwa masa da yamma? Ya rame? Ka dubi wuyan rigarsa da idon da kake duban buhun da aka rage wa tiya. Kwalbar nan kuma a ajiye ta, tana kwantar da tari ne ta bar abin da ke ƙasa yana ci.

Da ni zan iya, da na rubuta masa da kaina. Amma ka san ni 'yar fari ce. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, wanda in zai yi zancena sai ya ce "waccan ta makaranta", ta ina zan fara tambayarsa kakinsa? Kai ɗan ƙanwarsa ne, bakinka a sake yake. Yau dai ya yi amfani.

Taka,
Rashida Namadi.

*

Ƙauran Namoda,
Oktoba, 2021.

Malama Rashida,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Kada ki ga jinkiri ki zage ni, motar Jabir ce ta zube a hanya, sai da aka nemo mata ƙarfe daga Zariya.

Na karɓi darasi, na gode. Na je na zazzage wa mai kemis busasshe da mai kaki, ya ce in zo in riƙe masa shago.

Na koma Dauran. Na sami Inna tana sussuka, na zauna kamar mai jiran fura, na bi da ita ta bayan gida yadda ake bi da mai kayan da ba ya son sayarwa. Ga abin da na samo, ba ragi ba ƙari. Tarin ya faro tun ana noman farko. Mai kaki ne. Gumi kuwa, ta ce rigar kwanansa sai an matse. Tuwo yana taɓa gefe ya ture. Na dubi wuyan rigar kamar yadda kika ce, hannun yaro zai shige. Jini ta ce ba ta gani ba, amma ta ce yanzu yana tofarwa ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

Na ce mata, "Inna, wata nawa, ba wanda ya ce uffan?" Ta ce, "Yo Bilya, mutumin da ka tari shekara talatin, wa za ya ce mai yau ka yi tari?" Gaskiyarta. Duk gidan sun ɗauka halin ne ya tsufa tare da shi.

Sai na yi dabara. Na ce masa ana rabon taki a Ƙaura, sai mai gona da kansa, ya shirya mu tafi. Niyyata in mun iso in karkata da shi asibiti. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Taki, dawa na kai? Bilya, uwarka ma ba ta iya ƙarya ba, wa ya koya ma?" Na ce to Kawu, asibiti ne. Ya ce, "Ba ni zuwa. In tahi in yi tari gabansu, su rubuta kof, su kulle ni awa mai korona? Ni ga gonata za ni mutuwa." Kin ji inda kalmarki ta kai. A rediyo ya tsince ta bara, ya ajiye ta wuri ɗaya da kurkuku.

Na ce ba haka ba ne. Ya ce wa ya faɗa mini? Na ce waccan ta makaranta. Ya ɗauki butarsa.

Ban saki ba. Ciniki ba ya mutuwa a tayin farko. Ke dai abu ɗaya nake roƙo, kada ki ce za ki taso. Kada ki zo yanzu.

Naki,
Bilyaminu.

*

Inugu,
Oktoba, 2021.

Bilyaminu,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, in ana kiran wannan lafiya.

Mene ne "kada ki zo yanzu"? Na karanta takardarka har ta yi laushi. Kai da ba ka taɓa rufe magana a gajarce ba, ka rufe wannan da layi ɗaya. Me ka gani da ba ka rubuta ba? Ya kwanta ne? In ya kwanta ka faɗa mini, ni ba yarinya ba ce, a nan ina ganin waɗanda ake kawowa a makare.

Na nuna wa likita abin da Inna ta faɗa. Ta ce ba za ta yanke hukunci daga nesa ba, amma alamun tarin fuka ne, kuma duk wanda ke kwana gida ɗaya da shi yana cikin haɗari, har Nadiya da Inna. Ta ce yana warkewa sarai in an sha magani yadda aka ce, gwaji da maganin kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ba a kulle kowa. Ka gaya masa haka, ka ce daga bakin likita ne, kada ka ce daga nawa.

Saura wata huɗu in gama. In na tafi ba izini za su iya ƙara mini wa'adi ko su hana ni takardar. Na auna, na ga takarda ba ta kai uba ba. In Jabir ya dawo bai zo mini da labarin an je asibiti ba, a motarsa zan biyo, bisa buhuna.

Rashida.

*

Ƙauran Namoda,
Nuwamba, 2021.

Uwar gaggawa,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Sauke jakarki. Hanya nake nufi, hanyar Zurmi da kika san halinta a bana, ba wani abu ba. Mutum ya gajarce magana sau ɗaya a rayuwarsa don biro ya ƙare, sai a ce ya ɓoye gawa.

Kawu yana ɗakina na waje a nan Ƙaura yanzu haka, yana shan magani. Ba ni na kawo shi ba, ba likitarki ba ce. Bari ki ji.

Ran nan da hantsi yana zaune a zaure tun safe yana ta jero tarinsa. Cikin gida an saba, ba mai ɗaga kai. Nadiya ta fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta baje tana tsifa, har da 'yar waƙarta. Shi kuma ya tashi zai shiga ɗaukar carbi. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran muryarsa, na ainihi, irin na da. To wa zai bambance shi cikin ɗari? Ba wadda ta motsa. Ya jira yadda ya saba, ya sa kai.

Inna ta ce da suka haɗa ido, Nadiya ta rasa abin da za ta jawo, sai ta ɗauki faifai ta kifa a ka. Shi kuwa ya juya har yana tuntuɓe da turmi. Ita ta shige ɗaki ta yini kuka. Shi ya koma zaure ya ce a miƙo masa tabarma da bargo. Nan yake ci, nan yake kwana, ya ƙi taka cikin gidan da ya gina da hannunsa. Misbahu ya hau mashin ɗin wani ya zo ya kira ni.

Na same shi ya haɗa kai da gwiwa. Na gaishe shi, na zauna ƙasa. Ban ce asibiti ba. A kasuwa, abin da kake so ba shi kake fara tayawa ba. Na ce, "Kawu, na ji abin da ya faru, ba laifin kowa ba ne. Na zo da shawara ne. Akwai ƙararrawar keke a shagon wani abokina, mai ƙara sosai. Sai a ɗaure maka ita a sanda. In za ka shiga ka kaɗa, an huta."

Rashida, da kin ga kallon. Ya ce, "Ni Namadi, da ƙararrawa, awa mai tallan kananzir?"

Na sunkuyar da kai na ce, "To ko a riƙa aika wani gaba yana faɗin ga Baba nan."

Ya ce, "Gidana?"

Na ce, "To ai muryar ce ta daina aiki, Kawu. Da in ka yi ɗaya har kaji natsuwa suke. Yanzu kaya sun yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi."

Na ɗauka zai jefe ni da buta. Sai tarin ya taso masa, ya yi ta yi har ya dafa bango. Da ya lafa ya share ido, ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida. Sannan ya ce, a hankali, "Can asibitin, suna iya raba su? Su ɗebe wanga, su bar min nawa?"

Na ce aikinsu ke nan. Ban san ko haka ne ba a lokacin, amma ban taɓa sayar da magana da gaba gaɗi irin wannan ba.

Washegari muka taho. A asibiti da Hausa aka yi masa tambayoyin, su ne dai naki, bi da bi, har da tun yaushe. Da ma'aikacin ya ɗauki biro, Kawu ya kama hannun rigata ya ce, "Duba min, kof ya rubuta?" Na leƙa na ce ita ce. Ya ce to, ya gyara zama yana jiran a zo da kwaɗo. Sai aka miƙo masa 'yar roba aka ce ya je bayan ɗaki ya tofa. Ya dube ta ya dube ni ya ce, "Shi ke nan kamun?"

Sakamako ya fito, tarin fuka ne. Magani wata shida, kullum da safe kafin a ci komai, ba fashi ko ya ji sauƙi. Ba su karɓi ko sisi ba, abin da ya sa Kawu ya fara zargin maganin. An duba mutanen gida, Alhamdu lillahi ba wanda ya ɗauka, amma an ce a sa ido. Na riƙe shi nan don karɓar maganin ya fi sauƙi, kuma don shi da Nadiya su manta fuskar juna. Ni ke tsaye a kansa har ya haɗiye, ina sa shi ya buɗe baki in gani. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗan ƙanwa mara kunya irina ba. Jiya ya cinye tuwo ya tambayi ko akwai saura.

Ya ce in gaida waccan ta makaranta. Bai ce komai bayan haka ba, kada ki je ki karanta wani abu.

Naki,
Bilyaminu.

*

Inugu,
Disamba, 2021.

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kun wuni lafiya. Na san layi ya dawo, na san ɗazu muka yi magana. Amma Jabir yana lodi, kuma wannan ba zan iya faɗa maka ita da baki ba, don za ka yi mini dariya har katinka ya ƙare.

Na ji daɗin abin da ka ce, gumin ya tafi, tarin ya ja baya, an mayar da shi Dauran kuma ya shiga gida. Ka gaya wa Misbahu ya karɓi aikinka na buɗe baki. Yanzu ne haɗarin, lokacin da zai ga ya warke ya ce ya isa. Wata shida wata shida ne.

Da ka ce mini, "Riƙe, ga Kawu," sai na gyara zama. Ban taɓa magana da shi a waya ba, kullum ta bakin Inna muke gaisawa. Na ce, "Baba, ina wuni." Ina jin kaji, ina jin Inna can nesa tana cewa a kawo murfi. Na kasa kunne ina jiran jerin nan, ina ƙirga numfashinsa kamar yadda na ga ana yi a nan. Bai zo ba.

Sai ya yi gyaran murya. Ɗaya, ƙasa-ƙasa. Daga nan na ji muryarka kana cewa ya miƙo maka wayar ya tafi masallaci.

Ka tambaye ni me ya ce, na ce maka ba komai. Abokiyar ɗakina, 'yar Abakaliki, tana zaune tana kallona. Da na ajiye wayar ta ce, wa ya shigo? Na ce ba kowa. Ta ce to me ya sa kika rufe kai?

Na taɓa, na ji ɗankwali. Ban san lokacin da na jawo shi ba.

Ka gaida Inna. Ka ce wa Nadiya ta ajiye faifai, an gyara ƙofa.

Taka,
Waccan ta makaranta.